Kasuwar gidaje a Kaduna ta farfaɗo ne, ko farashi ne kawai ya hau? Tambayoyi da amsoshi

Na daɗe cikin harkar gidaje da filaye a garin nan. Ina karɓa wa masu gidaje kuɗin haya, ina raka mai saye duba gida, wani lokaci a kira ni in zauna shaida. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini a ƙofar masallaci, a wurin ɗaurin aure, ko ta waya daga 'yan'uwa mazauna Abuja da Legas masu son su mallaki wani abu a gida. Abin da ya sa na tara su wuri guda shi ne abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na ga dattijon da ya karyar da gidan da ya yi shekara ashirin yana ginawa saboda jita-jita, na kuma ga wanda ya zuba kuɗin sallamarsa kaf a fili don an ce masa baɗi zai ninka.

Dillalai suna ta cewa kasuwa ta buɗe. In yarda?

Ka saurare su, amma ka san inda maganar ta fito. Dillali da la'ada yake ci, la'ada kuwa ba ta fitowa sai an yi ciniki. In ya je wurin mai gida zai ce kasuwa ta buɗe, a fito da gida. In ya je wurin mai saye zai ce yi maza kafin abin ya fi ƙarfinka. Ba lallai ne ƙarya yake yi ba, sana'ar ce ta saba masa da kyautata zato, kuma akwai dattawan dillalai a garin nan waɗanda maganarsu ta fi takarda ƙarfi.

Kada ka tambaye shi yaya kasuwa. Ka ce masa: “Alhaji, a watan jiya gida nawa aka sayar ta hannunka, aka biya, aka rubuta takarda?” In ya lissafa maka da layi da unguwa, ka riƙe maganarsa. In ya fara cewa akwai wani Alhaji da ke zuwa daga Abuja ranar Asabar, to har yanzu ana cikin jira.

Amma ai farashi ya tashi. Gidan da aka ce miliyan 20 a da, yanzu miliyan 30 ake faɗa. Wannan ba farfaɗowa ba ce?

Nan ne mafi yawan mutane suke ruɗewa, don haka bari in ɗan tsaya.

Da farko, kuɗin da mai gida ya yanka daban, kuɗin da aka biya daban. Kowa yana iya cewa gidansa miliyan 30 ne, bakinsa ne. Gidan da ya shekara biyu ana faɗin miliyan 30 ba wanda ya taya, bai da farashi tukuna, yana da buri ne kawai.

Na biyu, naira ta yau ba ta shekarar 2022 ba ce. An cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, a watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024. Hauhawar farashin kaya ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen wannan shekarar. Duk wanda ke cefane bai buƙatar a karanta masa waɗannan alƙaluma, ya gani a kwanon masara.

Ni ma'aunin da nake amfani da shi siminti ne, saboda shi ne abin da gida yake ci. A farkon 2023 buhu bai wuce naira 5,000 ba. A farkon 2024 ya haura 10,000 a wurare da dama. To a ce gidanka miliyan 20 ne lokacin da buhu yake 5,000, kenan gidan ya kai buhu 4,000. Yau an saya miliyan 30 buhu yana 10,000, ka karɓi kuɗin buhu 3,000. A baki ka ci ribar miliyan 10, a zahiri ka rasa buhu dubu. In ka ɗauki kuɗin ka ce za ka gina irin gidan da ka sayar, ba za su kai ka rufi ba. Mai son ya auna da kwanon rufi, ko rodi, ko kujerar Makka, ko ma buhun shinkafa, duk ɗaya ne, ya dai zaɓi abin da shi kansa zai saya da kuɗin.

Saboda haka ba na cewa kasuwa ta farfaɗo sai na ga kuɗin da ake biya a hannu yana bin sawun tsadar kayan gini, ko yana neman kamo ta.

Me ya sanyaya kasuwar tun farko?

Abubuwa ne suka taru. Akwai tsohon ciwo: masaƙun Kakuri da suka ɗauki dubban ma'aikata sun durƙushe, masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ta bi baya a 2007, matatar mai da aka buɗe a 1980 ta daɗe ba ta aiki yadda ya kamata. Garin da ya rayu da albashin masana'antu ya koma dogaro da ma'aikatan gwamnati, da sojoji, da makarantu, da 'yan kasuwa. Sai matsalar tsaro ta zo ta danne gefen gari. Sai ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 lokacin canjin naira, a kasuwar da ta saba da kuɗi hannu. Sai tsadar rayuwa ta cinye ɗan abin da ma'aikaci yake tarawa. Jihar Kaduna ta amince da naira 72,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024. Ka auna wannan da buhun siminti, za ka ga dalilin da ya sa ƙananan masu saye suka ɓace daga kasuwa.

Sanin dalilin yana da amfani, domin ta inda aka hau ta nan ake sauka. In abin da ya kashe kasuwar unguwarku tsoro ne, tsaro za ka sa wa ido. In rashin kuɗi ne a hannun jama'a, sai ka dubi albashi da ciniki.

To wace alama ce ta gaskiya?

Ta farko ita ce daɗewa. Gida mai takardu, mai farashin hankali, wata nawa yake yi kafin ya tafi? In a bara irinsa yana shekara, bana yana wata huɗu, wani abu ya motsa.

Ta biyu ita ce tazarar da ke tsakanin yanka da tayi. Ita na fi yarda da ita, domin ba a iya yi mata kwalliya. Kwanakin baya na zauna wani ciniki a ƙarƙashin darbejiya a ƙofar wani gida. Mai gidan dattijo ne ɗan fansho, ya fito da takardunsa a cikin leda, an naɗe da roba. Mai sayen matashi ne ɗan kasuwa, ya zagaya ciki ya fito yana karkaɗe ƙurar da ta taɓa masa hannun riga. Dillali ya faɗi kuɗi. Yaron ya yi shiru, sannan ya taya abin da bai kai kashi biyu cikin uku ba. Dattijon ya ce, “Albarka, ɗana.” Yaron ya ce, “Baba, wallahi an nuna mini uku irinsa a layin baya, duk suna nan.” Bai ƙara ko sisi ba, ya yi sallama cikin ladabi ya shiga motarsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ya tafi bai waiwayo ba. Ya san in ya dawo bayan wata uku gidan yana nan. Wannan ita ce kasuwa mai sanyi. Ranar da ka ga an ce albarka, mai saye ya ƙara nan take, ko ya bugo waya da dare yana cewa a riƙe masa zai kawo kafin alƙalami da safe, to iska ta fara juyawa.

Ta uku ita ce su wane ne ke saye. In duk cinikin da kake ji na manya ne, masu neman inda za su ɓoye kuɗi daga faɗuwar naira, wannan ajiya ce. Farfaɗowa tana bayyana ne ranar da malamin makaranta, da ma'aikaciyar jinya, da mai shago a Kasuwar Barci suka dawo suna neman rabin fuloti, hamsin-hamsin, suna biya kashi-kashi.

Ta huɗu, su wane ne ke sayarwa, kuma don me. In mafi yawansu masu lalura ne, bashi ko asibiti ko rabon gado, kasuwa tana ƙasa. In ka fara jin mutum ya sayar don ya sayi wanda ya fi shi girma, jini ya fara gudana.

A ina zan samo duk wannan?

Mafi yawan cinikin gida a unguwanninmu tsakanin mai saye, da mai sayarwa, da shaidu, da mai unguwa ko lauya yake ƙarewa, don haka sai ka taka da ƙafarka. Mai unguwa ya san takarda nawa ya sa wa hannu a wannan watan. Lauyan da ke rubuta yarjejeniyar saye ya san ko aiki ya ƙaru. Je wurin masu buga bulo ka ga ko bulon yana kwana a fili har ciyawa ta fito a tsakaninsa, ko tun bai gama bushewa ba ake lodi. Tambayi direban tifa sawu nawa yake yi a rana. Shiga Panteka ka tambayi masu ƙera ƙofa da taga ko aikin sabon gini suke yi ko gyaran tsoho. Magini ma shaida ne. In ka kira shi ya ce sai bayan sati biyu saboda yana da aiki, labari ne mai daɗi. In ya iso kafin ka ajiye waya, ka gane.

Waɗannan mutanen ba su da la'ada a cinikinka, shi ya sa maganarsu take da nauyi.

Ana iya cewa kasuwar Kaduna gaba ɗaya ta tashi ko ta faɗi?

A'a. Kaduna kasuwanni ne da yawa a cikin gari ɗaya, kuma wani lokaci suna tafiya ne a saɓanin juna.

Tsofaffin unguwannin manya irin su Unguwar Rimi, da Malali, da Unguwar Sarki, da Barnawa, fili ya ƙare a cikinsu. Mai saye a can sau da yawa ƙasar yake saye, ya rushe tsohon gini ya tayar da sabo, ko ya yanka filin gida huɗu. Farashinsu ba ya faɗuwa sosai, sai dai ciniki ya yi wuya. Unguwannin cunkoso irin su Tudun Wada, da Rigasa, da Unguwar Shanu, da Badarawa, da Kawo, kasuwarsu ta ciki da falo ce da gidajen gado, tana tafiya da aljihun talaka. Sai sabbin wurare: Millennium City da kewayen Danbushiya, da Rigachikun, da Mando zuwa Afaka, da Kamazou, da Gonin Gora. A nan ne fili yake da yawa, a nan ne kuma farashi ya fi saurin hawa da sauka, domin fata ake saye.

Akwai kuma abin da duk ɗan Kaduna ya sani ko da ba a so a faɗa. Tun rikicin 2000, da na 2002, da na bayan zaɓen 2011, mutane suka rarrabu, akasarin Musulmi suka tattara a arewacin kogi, akasarin Kirista a kudancinsa. Wannan ya rage wa kowane gida yawan masu iya tayawa. Ina baƙin cikin wannan rabuwa, domin na taso na tarar da maƙwabtaka wadda ba ta tambayar addini. Duk unguwar da ka ga mutanen ɓangarorin biyu sun dawo suna saye a cikinta ba tare da fargaba ba, ka riƙe ta da kyau, samun lafiyarta ya fi na farashi zurfi.

Yaya tsaro yake shafar farashi?

Shi ne kan gaba. A 2021 an sace ɗaliban kwalejin gandun daji da ke Afaka a watan Maris, a watan Agusta aka kai hari makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA. Ranar 28 ga Maris 2022 aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, jirgin bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba na wannan shekarar. Wanda ya san yadda buɗe tashar Rigasa a 2016 ya ɗaga darajar filayen wannan yanki, ya kuma sa ma'aikatan Abuja da dama suka bar iyalansu a Kaduna, zai gane abin da wata takwas na rufewa ya yi wa kasuwa. A waɗannan shekarun mutane sun bar gidajen da suka gina da guminsu a bakin gari, suka dawo haya a tsakiya. Sai haya ta yi tsada a ciki, gidaje suka rasa mai taya a waje.

An samu sauƙi a wasu yankuna, har an sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024. Amma kasuwar gida tana da dogon tunani, ba ta manta tsoro da wuri. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: je unguwar bayan sallar isha'i. Akwai mai shayi a buɗe? Mai Keke Napep zai yarda ya kai ka? Gidajen ƙarshen layi akwai haske da muryar yara, ko mai gadi ne kaɗai? Ka tambayi liman ko sahun asuba ya ƙaru. In waɗanda suka gudu sun fara dawowa da iyalansu suna kwana, farashi zai biyo baya ko ba jima.

Kuɗin haya yana ta hawa. Wannan fa?

Hawan haya yana da fuska biyu. Wani lokaci masu gida ne suke ƙari saboda tsadar gyara da tsadar rayuwa, 'yan haya kuma suna biya da ƙyar, rabi yau rabi bayan wata uku. Wannan matsi ne. Wani lokaci kuma gida yana fita yau, kafin a gama fenti an kama shi, an biya shekara cif. Wannan buƙata ce ta gaske.

In kana son saye don haya, yi wannan lissafi: raba kuɗin gidan da hayar shekara. A ce gida miliyan 30 ne, hayarsa miliyan ɗaya da rabi, shekara 20 kenan kafin uwar kuɗi ta dawo, ba a cire gyara, da watannin da zai zauna ba kowa, da kuɗin ƙasa na gwamnati ba. In shekarun nan suna raguwa a unguwa saboda haya na ƙaruwa kuma ana biya, masu saye za su shigo. Ni a littafina abin da nake dubawa shi ne 'yan haya nawa suka biya a kan lokaci bana, in kwatanta da bara.

Ina ganin sabbin rukunin gidaje da alluna ko'ina. Ba alamar arziki ba ce?

Allo da ƙofar shiga mai kyau ba su da tsada. Shiga ciki ka ƙirga gida nawa aka rufa, nawa ke da labule, nawa ke da shanya a bayan gida. Kango da ya tsaya a linta shekara uku, bulonsa ya yi baƙi, yana ba da labarin kuɗin da suka ƙare ne. Abin da ke faranta mini rai ya fi sabon fandisho shi ne in ga an dawo kan tsohon kango, an sare ciyawa, an kawo katako da kwano. Mai wannan ginin ya samu sarari, kuma ya yarda zai zauna a wurin.

An yi mana sabon titi. Darajar gidana ta ƙaru?

Galibi ta ƙaru. Aikin sabunta birni da gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta fara a 2019, wanda ya haɗa da sabuwar gadar Kawo da faɗaɗa manyan tituna, ya canza darajar layuka da yawa. Sai dai amfanin ya fi yawa ga na bakin titi da wanda titin ya rage masa nisa zuwa aiki ko kasuwa. Wanda ke can ciki, da damina sai ya ajiye mota ya taka, nasa kaɗan ne. Kuma titin da aka yi alkawari ba titi ba ne. Kada ka biya kuɗin kwalta a kan turɓaya.

Akwai lokacin da kasuwa ta fi motsi a shekara?

Akwai, kuma yana ruɗin mai kallo. Bayan kaka, manoma da 'yan kasuwar hatsi suna da kuɗi a hannu, su kan sayi fili, musamman shekarar da masara ta yi daraja. Rani lokacin gini ne. Gab da rufe biyan kujerar aikin Hajji filaye suna fitowa da sauƙi, haka ma watan Satumba lokacin kuɗin makaranta. Gab da zaɓe 'yan siyasa suna sayarwa, bayan zaɓe waɗanda suka dace suna saye. Saboda haka kada ka kwatanta Janairu da Agusta ka ce kasuwa ta tashi. Kwatanta Janairun bana da Janairun bara.

Damina kuwa ita ce lokacin duba gida. A watan Agusta ne rufi yake faɗin gaskiya, bango ya nuna inda yake tsotsar ruwa, lambatu ya nuna inda yake kai ruwansa. Wuraren da ke kusa da kogin Kaduna, irin su sassan Kigo Road da Rafin Guza, sun sha ambaliya ba sau ɗaya ba. Gidan da aka yi wa sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kaɗai, ka tambayi maƙwabta dalili.

Bashin banki yana da tasiri a nan kamar yadda ake ji a Turai da Amurka?

Kaɗan ne. A can kuɗin ruwa in ya sauka kasuwar gida takan tashi, domin da bashi ake saye. Mu a nan da tari, da adashi, da kuɗin sallama, da gado ake saye, kuma da yawanmu muna guje wa riba saboda addini. Ko wanda bai damu ba, Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke bayarwa. Ba hayar da za ta biya wannan.

Akwai asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin ɗari, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ya ba da rance a kan kashi 6 na tsawon lokaci har shekara 30. Akwai kuma bankunan da ba sa harka da riba, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012. Dukansu takardar mallaka ingantacciya suke nema kafin komai. Tasirin kuɗin ruwa a wurinmu ta bayan gida yake zuwa: in gwamnati tana biyan riba mai tsoka a kan takardun lamuninta, wasu masu kuɗi sukan kai can maimakon su sayi gida. In ta sauka, sukan waiwayo ƙasa.

Gidan gado ne a hannunmu. Mu sayar yanzu ko mu jira kasuwa ta gyaru?

Wannan tambayar ba ta kasuwa kaɗai ba ce, kuma na ɗanɗana ta a gidanmu. Da mahaifinmu ya rasu, Allah ya jiƙansa, yayanmu ya ce a jira farashi ya ƙara. Niyyarsa alheri ce. Muka jira damina biyu. Rufin ɗakin tsakiya ya fara yoyo, silin ya rufto, ɓarayi suka cire wayoyin wuta. Wata rana ƙanwarmu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ta same ni a zaure ta ce, “Yaya, ni ba riba nake nema ba, haƙƙina nake so in sa yaran nan a makaranta.” Ban sami abin ce mata ba. Da muka sayar, kuɗin ya fi na farko a lissafi, amma abin da ya saya mata bai kai abin da zai saya a shekarar farko ba, ga zumunci da ya ɗan yi tsami.

Shawarata ita ce, in akwai marayu, ko gwauruwa, ko mai bashi a cikin magada, kada a riƙe haƙƙinsu don jiran kasuwa. In kowa yana da hali kuma an yarda a jira, a sa ɗan haya a ciki don gidan ya rayu, a rubuta yarjejeniya, a sa ranar da za a sake zama. In ɗaya daga cikin magada yana iya saye, a kira masu ƙiyasi biyu ko uku waɗanda ba su san juna ba, a yi masa kuɗi a gaban kowa.

Ni mai saye ne. In jira in tabbatar ta farfaɗo?

In gidan zama kake nema kuma kuɗin suna hannu, sanyin kasuwa abokinka ne. Yanzu ne za ka zaɓa, ka taya, ka yi bincike a tsanake. Kuɗin da ke kwance a asusu kuwa hauhawar farashi tana gutsurarsu kullum.

Sai dai araha ba ta hana bincike. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma mai takardar mallaka ta gwamnati, wadda ake ce wa C of O, sai da amincewar gwamna yake mayar da ita ga wani. A Kaduna hukumar KADGIS, da aka kafa da doka a 2015, ita ke riƙe da rajistar filaye. Je can a bincika maka sunan wa ke kan fayil, ko an jinginar da gidan, ko filin yana cikin wurin da gwamnati ta keɓe. Izinin gini kuma na hukumar tsara birane ta jiha, wato KASUPDA, ne, ka nemi ganinsa. Garin nan ya ga rushe-rushe, ba wanda zai ce bai ji ba. Gidan gado, ka tabbatar duk magada sun sa hannu, mata da maza, ko a kawo takardar kotun da ta raba. In ka ga an rubuta “wannan gida ba na sayarwa ba ne” a bango, akwai rigima ko an taɓa yunƙurin damfara, ka nemi mai gidan ido da ido. Kada ka tura kuɗi daga Abuja a kan hoton WhatsApp, cinikin biri a sama kenan.

Wani abin lura: a kasuwa mai sanyi, gida mai cikakkun takardu shi ke fara tafiya. In ka ji har masu takardar mai unguwa kaɗai sun fara samun tayi mai kyau, kasuwa ta yi zafi, kuma a lokacin ne 'yan damfara suke fitowa.

Wata nawa zan sa ido kafin in yanke hukunci?

Aƙalla wata shida, in da hali shekara, don ka ga rani da damina. Sayi ƙaramin littafi. Zaɓi gida goma da fili biyar da ake sayarwa a unguwar da ta dame ka, ka rubuta ranar da ka fara jin kowanne, da kuɗin da aka yanka, da farashin buhun siminti a ranar. Duk ƙarshen wata ka zagaya. Wanda aka sayar, ka nemi sanin nawa aka biya daga bakin shaida ko maƙwabci, ka rubuta kusa da kuɗin farko. Wanda aka janye daga kasuwa ka sa masa alama daban, domin janyewa ba sayarwa ba ce. Sabon da ya fito ka ƙara shi a ƙasa. In bayan wata shida waɗanda suka tafi sun fi waɗanda suka shigo yawa, tazarar yanka da biya tana matsewa, to unguwar ta fara tashi, sai ka kira dillalinka ku zauna da littafin a hannunka.